Jajayen Ɗigon da Na Gani a Yamai

Tun da na dawo daga Yamai ba a bar ni na huta ba. Duk wadda ta shigo gidana sai ta ce, "Hajiya Saude, ba mu labari, yaya ƙasar take?" A injin casa haka, a gidan suna haka, har a layin ɗiban ruwa. Ni kuma duk lokacin da na fara, da na kai tsakiya sai raina ya ɓaci in kasa ƙarasawa. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, mai so ya karanta, wadda ba ta iya ba a karanta mata.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce shugabar ƙungiyar mata masu turara shinkafa a unguwarmu ta Kura. Sana'armu tsayuwa ce a kan wuta: a jiƙa shinkafa, a turara, a shanya, a kai inji. Hayaƙin ɓuntu da ciwon kai mun saba da su, ba ma lissafa su cikin ciwo.

Shekarun baya wani kamfani ya turo mana wata yarinya 'yar Kano mai suna Fa'iza, da na'urar awon jini da waya. Ta ce suna haɗa wata manhaja ce da za ta riƙa gano wanda hawan jini zai kayar tun kafin ya faɗi, amma sai manhajar ta koya daga jikin mutane. Duk Juma'a da safe za a auna mu a sa a waya. Ta tambaye mu komai: shekaru, haihuwa nawa, ɓari nawa, gishirin da muke sa wa miya, ciwon da ya kashe iyayenmu. Akwai abin da ko ƙanwata ban taɓa gaya wa ba, na gaya wa wayar nan. Da muka tambayi ma'anar lambobin da na'urar ke nunawa, sai ta ce, "Mama, kada ku damu kanku da lamba. Manhaja ce za ta haɗa komai, in akwai haɗari za a kira mutum." Muka riƙe wannan maganar hannu biyu.

A ranin da ya wuce aminiyata Yahanasu ta faɗi a wurin shanya. Tun muna 'yan mata muke tare da ita. Ta daɗe tana kukan kai da jiri, in an ce ta je asibiti sai ta ce, "Ai da da matsala da sun kira." Ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace. Muka ce ƙaddara ce, muka ci gaba da awo.

Sai ga Fa'iza da albishir, wai za a yi babban taro a Yamai kan irin waɗannan manhajoji, ana son mutum biyu daga cikin waɗanda aka auna su je su yi godiya a gaban baƙi. Aka zaɓe ni, aka zaɓi Arɗo Haruna daga wata ruga ta wajen Bunkure, domin su ma an auna su. Na ɗinka sabon leshi saboda tafiyar nan, na kwana biyu ina bitar godiyar da zan yi.

Muka tashi daga Kano da sassafe a motar haya. Fa'iza ta ce in taho da na'urar awon don a nuna wa mutane, na naɗe ta a zani na sa a jaka. Arɗo ya zo da sandarsa da goran fura, direba ya ce sandar sai dai a ɗaure a sama, Arɗo ya ce to shi ma a ɗaure shi a sama. Aka bar masa abarsa, ta yi ta zungurina a gwiwa har Katsina. Daga Katsina zuwa Jibiya motar ta yi tsit, kowa na jan carbi, ba sai na gaya muku dalili ba.

A kan iyaka ne na fara ganin abin mamaki. Wani jandarma ya buɗe jakata, ya warware zanin, ya ga abu da igiyar roba da ɗan allo, sai ya ja da baya.

"Hajiya, wanga mine ne?"

Na ce na awon jini ne. Bai yarda ba, ya kira na gaba da shi, wani mai tumbi. Shi ma ya jujjuya ta, ya ce in nuna masa yadda take aiki. Na ɗaura masa a damtse na danna. Da abin ya fara matse shi ya zaro ido, yaransa suka fara dariya a ɓoye. Fa'iza ta leƙa lambar ta ce, "Yallaɓai, naka fa ya hau sosai. Ka je ka ga likita, kada ka bari ya kwana biyu." Kafin mu ankara an yi layi, jandarmomi da 'yan duwan, wato kwastan, har da mai sayar da shayi, kowa ya naɗe hannun riga. Direbanmu yana ta huci, fasinjoji suna tsaki, ni kuwa ina ta ɗaurawa ina kwancewa har la'asar ta kawo kai. Mai tumbin ya ba mu kilishi a takarda, ya ce mu sauka lahiya.

A Maraɗi muka yada zango, gidan wata gwaggon Fa'iza, Hajiya Tsahara. Hausarsu tamu ce, amma sai ka kasa kunne. Asibiti su likita suke ce masa. Da ta gabatar mana da maigidanta ta ce, "Ga mushe," na kusa shaƙewa da ruwa, Arɗo ya kawar da kai. Ashe malamin makaranta suke kira haka. Ta yi mana dambu da zogale mai yawan gaske, ganyen ya fi tsakin, sannan aka kawo shayi a 'yan ƙananan kofuna, mai ɗaci kamar magani, ana gama wannan a sake dafa wani. Arɗo ya ce a nan dai an san darajar baƙo.

Muna cikin hira wayarta ta yi ƙara, wata murya ta kira sunanta da Hausa ta ce lokacin shan magani ya yi. Ta tashi ta sha. Na tambaye ta, ta ce ita ma hawan jini gare ta, kuma asibitin unguwarsu na da irin wannan tsari na waya. Ana auna su, in na mutum ya hau sau biyu a jere wayar malamar asibiti za ta nuna, ita kuma ta kira. Ta ce akwai ranar da ta ƙi ɗagawa, sai ga malamar a kan babur har ƙofar gida tana yi mata faɗa. Na ce, "Mu ma muna da irinsa, namu ma ya fi naku, har abin da zai faru gaba yake gani." Da alfahari na faɗa. Fa'iza ta yi ta juya kofi a hannu.

Washegari muka shiga doguwar bas. A can tikiti da lambar kujera ake bi, kuma lokacin da aka ce za a tashi, a lokacin ake tashi. Arɗo ya tafi neman ruwan alwala, sai da na tsaya a bakin ƙofa na riƙe ƙarfe ina roƙon direba kafin ya iso da gudu, sanda a hannu. Hanya doguwa ce, Ƙonni, Dogon Dutse, Doso. Abin da na lura kawai shi ne ƙasa busasshiya, babu kanal ko ɗaya, sai na tuna ruwan da muke bari yana malala a hanya a Kadawa na ji kunya. Daga Doso kuma Hausa ta fara ja da baya, ana gaishe mu da "fofo", mu ma muka koya.

Masaukin da aka kai mu a Yamai bene ne mai hawa da yawa. Ɗaki ba mukulli sai wani kati, ka fita ka manta shi a ciki ka zama baƙon kanka, kuma hakan ta same ni da ɗan kwali kawai a kaina. Banɗaki babu buta, sai da na yanke gorar ruwa. Sanyin na'ura kamar ɗakin ajiye gawa, ban san inda ake kashewa ba, na kwana da zani uku. Arɗo ya ƙi shiga akwatin da ke hawa da mutane sama, ya ce shi ba buhu ba ne, kullum da ƙafa yake hawa. Da safe aka kawo burodi dogo kamar taɓarya, ɓawonsa na yanka dasashi. Da rana aka kawo ɗanyen ganye an yayyafa masa mai, sannan shinkafa fara fat, 'yar waje, kyau a ido amma ba ɗanɗano ba ƙamshi. Na ce wa mai rabon abincin in ya zo Kura ya neme ni. Bai ji Hausa ba, ya yi murmushi ya ƙara mini.

Duk wannan da daɗi nake ba da shi. Daga nan ne nake kasa ci gaba.

Ranar taro aka zaunar da mu a layin gaba, ni da leshina, Arɗo da rawaninsa, masu hoto suna ta haska mu. Aka ba kowa wani abu ya sa a kunne, ana magana da Turanci ko Faransanci, wani bawan Allah a cikin ɗan ɗaki na gilashi yana juya mana da Hausa. Mutumin nan Allah Ya saka masa, bai rage ko kalma ba.

Mai kamfaninmu ya hau. Dogo ne, ɗan ƙasarmu da ya daɗe a waje, kowa Dakta yake ce masa. Ban taɓa ganinsa ba sai ranar. Ya nuna taswira a bango, na gane ta nan take: ga babban kanal, ga titin Zariya, ga Kura, ga hanyar Bunkure. An cika ta da ɗigo, wasu kore, wasu ja. Ya ce kowane ɗigo mutum ne. Ya ce tun a shekarar farko manhajarsu ta ware jajayen ta ce su ne ke cikin haɗarin shanyewar jiki. Sannan ya ce, yana murmushi, sun bi diddigi sun ga cewa da yawa daga waɗanda suka faɗi daga baya, cikin jajayen nan suke. Manhaja ta yi gaskiya. Ɗakin ya ɗauki tafi.

Na zaci ban ji daidai ba. Sai ya ce bari ya ba da misali ɗaya, ba suna. Mace, ta haura hamsin, mai aikin wuta, haihuwa tara, mahaifiyarta ma da wannan ciwon ta rasu. Manhaja ta sa mata ja tun da damina, ta faɗi da rani. Ni na yi wa mahaifiyar Yahanasu wanka da hannuna. Haihuwar Yahanasu tara, ba wadda ban je ba.

Na juya na kalli Fa'iza. Ta cire abin kunnenta, ta sunkuyar da kai.

Ana gama tafi aka kira ni in yi godiya. Na hau, aka miƙo mini abin magana. Duk abin da na haddace ya gudu. Na ce, "Dakta, ina da tambaya. Wannan matar da ka nuna, da kuka ga ta yi ja tun da damina, wa kuka aika ya gaya mata?"

Na ji mai fassara yana juyawa, na ga kawuna suna ɗagowa. Dakta ya gyara tsayuwa, ya amsa da Hausa, Hausarsa tangaran.

"Hajiya, tambayarki tana da kyau. Kin ga, don kare sirrinku, ana cire sunaye kafin bayanai su iso wurinmu. Mu lamba kawai muke gani. Kuma izinin da aka ba mu na koyar da manhaja ne, ba na yin magani ba. A mataki na gaba in sha Allahu..."

Na ce, "Da za a karɓi bayanan, an san ƙofar gidan kowa. An san sunan mijinta, an san ɓarin da ta yi. Da za a mayar mata da magana ɗaya ce sunan ya ɓace? An ce mana in akwai haɗari za a kira. Matar nan ta yi wata da watanni tana jiri, ta ƙi zuwa asibiti saboda ba ku kira ba. Shirunku ta ɗauka lafiya ce."

Ya ce ba kamfani ne ya yi wannan alkawari a rubuce ba, wataƙila an samu rashin fahimta wajen bayani. Wato a kan Fa'iza zai sauke laifin. Na nuna bangon na ce, "To ga sauran jajayen nan da ba su faɗi ba tukuna. Ni ina ciki?"

Ya ce, "Ba zan iya sani ba daga nan, Hajiya."

Arɗo bai jira an ba shi abin magana ba. Ya miƙe a inda yake, ya dogara sandarsa ya ce, "Ni ko a garken wanda ba ma shiri na ga saniya za ta faɗi, sai na tsaya na gaya masa. Ku kun gani kun zauna kuna jira ku ga ko za ta faɗi ɗin." Ya koma ya zauna. Wannan karon ba wanda ya tafa. Mai gabatarwa ya ce lokacin shan shayi ya yi.

A waje mutane suka kewaye ni. Wata likita Bazabarma ta riƙe hannuna ta yi ta magana, aka fassara mini cewa ta ce ba gaskiya ba ne a ce ba za a iya mayar da lamba ga mai ita ba, dole akwai inda aka ajiye mahaɗin lamba da suna, kuma duk binciken da ya ga mutum cikin haɗari wajibi ne ya nemi hanyar sanar da shi. Wani Bature kuma ya ce na yi jarumta, yana so mu yi hoto. Na ce masa ban zo da fuskar hoto ba. Liyafar da aka shirya da yamma ban je ba, Arɗo ma bai je ba, muka sayi gasasshen nama a bakin titi muka ci a harabar masauki.

Nan Fa'iza ta same mu, idonta ya kumbura. Ta durƙusa ta ce, "Mama, wallahi abin da aka ce in faɗa muku na faɗa. Da Inna Yahanasu ta faɗi na tambaya a ofis, aka ce likitoci suna dubawa. Ban san sun gani tun da wuri ba sai da ake shirya taron nan, na rasa yadda zan yi in gaya miki."

Na ce, "'Yar nan, jandarman da ba ki taɓa gani ba, kina kallon lambarsa kika ce ya tafi asibiti. Mu da muke ba ki tuwo duk Juma'a fa?"

Ta fashe da kuka. Ta ce an hana su fassara wa mutane lamba, wai kada su ɓata binciken. Ban rarrashe ta ba, amma ban ƙara mata ba. Na san ba ita ta zana taswirar ba.

Dawowa ba ni da abin da zan ce a kanta. Hanya ɗaya ce, ban ga komai ba. A Maraɗi Hajiya Tsahara ta tambaye ni yaya taro, na ce mata ta riƙe malamar asibitinsu da kyau.

Da na iso Kura na tara mata a rumfar shanya na gaya musu komai. Aka yi ta salati, wasu suka ce a jefa na'urar a kanal. Na ce a'a, na'ura ba ta yi mana laifi ba, manhajar ma ba ta yi ƙarya ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Abu ne mai amfani, da jininmu aka koya masa, ya gano gaskiya, aka rufe a aljihu aka tafi da ita taro. Muka yanke cewa ba sauran awon da zai shiga wayar kowa sai an dawo mana da sunayen jajayen nan, kowace a gaya mata nata a asirce. Arɗo ya aiko cewa su ma haka suka yanke a ruga.

Ba mu zauna jira ba. Muka roƙi wani ma'aikacin asibiti ya zo ya koya mana karanta lambobin, abin da bai ɗauke shi ko awa guda ba. Muka riƙa cika A Daidaita Sahu muna kai mata asibiti rukuni-rukuni. An ɗora da yawa a kan magani, har da ni. Likitan ya kalli awona ya tambaye ni tun yaushe nake yawo da wannan a jiki. Fa'iza ta bar aikin, amma takan kira. Ta ce kamfanin sun ce suna neman izinin buɗe sunayen. Har yau da nake rubutun nan suna nema.

Gidan Yahanasu ne na ƙarshe da na shiga, don na yi ta ɗagawa. Na same ta a tabarma a tsakar gida, an jingina ta da bango. Na zauna na ba ta labarin mushe da burodi mai kama da taɓarya, ta yi dariya da rabin bakinta. Sannan na gaya mata sauran, ban ɓoye komai ba. Ta daɗe tana kallon hannunta da ba ya motsi. Maganarta yanzu a hankali take fita, sai ka matso.

"Sun sani?"

Na ce, "Sun sani."

Na jira ta yi kuka ko ta yi Allah ya isa, don ni na yi nawa tun a Yamai. Ba ta yi ba. Ta kamo gefen mayafina da hannun hagu ta ce, "An kai kowa asibiti?"

Na ce saura matan ƙauyukan bayan kanal, su ba a kai gare su ba tukuna.

Ta saki mayafin ta ture gwiwata. "To me kike yi a nan? Tashi."